Tab Shida da Yaro Ɗaya

A ƙarshen shekarar 2023 ƙungiyar tsofaffin ɗaliban unguwarmu a nan Kano ta tara kuɗi don a sa kwamfutocin hannu, waɗanda yara ke ce wa tab, a ɗakin karatun unguwa. Ni aka ɗora wa aikin. Ɗan shagon gyaran waya gare ni, kuma a wajenmu duk wanda ya iya canza gilashin waya ya zama injiniya, ko ya so ko ya ƙi.

Dalilin sayen a fili yake. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta ta koma kan kwamfuta, kuma a 2023 tambayoyi 180 ne cikin awa 2, darussa huɗu. Da yawa daga yaranmu ranar jarrabawar ce ranar farko da suke zama gaban na'ura ana ƙirga musu lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai muka ce su riƙa gwaji tun da wuri. Na ƙara da cewa a sa musu Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta manhajar Kiwix, wadda ke ba ka damar sauke kundin gaba ɗaya ka riƙa karantawa ba tare da data ba. Tsarin da na zana a takarda mai sauƙi ne. Tsohuwar laptop ɗaya a cikin durowar mai kula da ɗakin, ita ke ɗauke da tambayoyin da kundin. Na'urar Wi-Fi ɗaya wadda babu layi a cikinta. Tab shida a kan dogon tebur suna janyo shafukan daga laptop ɗin. Intanet ko ɗigo babu. Biyar muka sayo sababbi a kasuwar waya ta Farm Centre, ta shidan kuwa wani Alhaji ne ya ba da kyauta, tsohuwar da 'ya'yansa suka gama yayi. Dukkansu Android.

Shugaban kwamitinmu, dattijo ne da ba ya doguwar magana, sharaɗi ɗaya ya kafa mini. "Ka ga, ɗana, ban da ƙwallo, ban da fim, ban da hoto. Karatu muka saya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin yamma ɗaya ne."

Sati bakwai na yi.

Na fara da abin da ke cikin na'urar tun daga kamfani. Android, tun fitowar na 5 a 2014, yana da wani saiti na kafe manhaja ɗaya a fuska: ka buɗe burauza, ka kafe ta, maɓallin komawa gida ya daina aiki. Na kafe sababbin biyar, na koma bakin ƙofa na karɓi shayina. Ban kai rabin kofi ba na jiyo dariya. Wani yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ɗan maƙwabcin yayata, ya buɗe kyamara yana murguɗa baki, sauran sun yanyame shi. Yadda ake cire kafin ba wani sirri ba ne, na'urar da kanta take rubuta maka a ƙasa: danne maɓallin baya da na jerin manhajoji a tare. Na kunna zaɓin da ke cewa sai an sa lambar sirri kafin a cire. To, a nan in yaro ya danne maɓallan, ba ya samun shiga ko'ina, amma tab ɗin sai ta koma a kulle, ta tsaya jiran lamba. Mai kula da ɗakin tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ga ciwon gwiwa. Ya wuni yana tashi yana zama yana buga lamba. Ranar ta uku babu yaron da bai haddace lambar ba. Wasu kallon yatsan Malam suka yi, wasu kuma ko kallo ba su yi ba: lokacin hunturu ne, ƙura ta kwanta a gilashi, wuraren nan huɗu da ake dannawa suna ta ƙyalli kamar an shafa musu mai.

Daga nan na sauko da wata manhajar kyauta da ke maye gurbin fuskar gida, ta ɓoye komai sai abin da ka zaɓa. A idona ta yi kyau ƙwarai. Amma na riga na ji jiki, don haka na aika aka kira mini yaron nan.

"Ga ciniki," na ce masa. "Duk ƙofar da ka samo ka fita daga shafin nan, naira 500. Amma ni za ka fara nuna wa, ba abokanka ba."

"Yaya, ko nawa na samo?"

"Ko nawa."

Kafin la'asar na yi asarar 1,500. Ta farko, ya riƙa jan saman fuskar da sauri sau da yawa. Manhajar tana rufe labulen sanarwa duk lokacin da ya sauko, amma akwai ɗan ƙiftawar ido kafin ta rufe, a ciki ya caki alamar saiti. Ta biyu ta allon rubutu ya bi: ya taɓa gurbin bincike, allon ya fito, ya shiga saitin allon, daga can ya zarce cikin saitin na'urar. Ta ukun ita ta fi ba ni kunya, don kullum ina amfani da ita a shago in ana neman manhajar da ke damun waya. Ya danne maɓallin kashewa, rubutun kashewa ya fito, ya ɗora yatsa a kansa ya riƙe, na'urar ta tambaye shi ko ta tashi a sef mod. A wannan yanayin duk manhajar da ba da ita aka haifi na'urar ba barci take yi, har da mai gadin nawa. Ya miƙo mini tab ɗin da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai miƙa goron ɗaurin aure.

Daren nan na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Duk manhajar da ka sauko ka sa, baƙuwa ce a cikin na'ura. Tana iya roƙo, tana iya tare hanya, amma ba ta da iko da gidan. Android yana da wani matsayi guda ɗaya da ni nake kira maigidan na'ura, wanda kamfanoni ke amfani da shi a kan wayoyin ma'aikatansu da na'urorin da ake ajiyewa don jama'a. Manhajar da ta hau wannan matsayi tsarin ne da kansa yake yi mata biyayya: in ta ce daga shafin nan ba a fita, to labulen sanarwa ba zai ma sauko ba balle a yi tsere da shi, kuma duk manhajar da ba ta cikin jerin da ta amince da shi ba za ta buɗu ba ko ta wace hanya aka biyo. Tana iya hana sef mod, ta hana fomatin daga cikin saiti, ta hana ƙara sabon mai amfani, ta kashe kyamara. Ba a kuma iya goge ta. Masu iPad suna da makamancin wannan, sai dai kuɗinmu bai kai can ba, ban kuma wahalar da kaina ba.

Sharaɗin naɗa maigidan shi ne na'urar ta kasance babu asusun kowa a kanta. Saboda haka komai sai da na rushe. Na yi wa kowace fomatin, da ta tashi ta nemi asusun Google na tsallake, na shiga bayanin na'ura na taɓa lambar ƙira sau 7 har sashen masu ƙera manhaja ya bayyana, na buɗe hanyar da kwamfuta ke ba ta umarni ta kebul. Na zaɓi Fully Kiosk Browser, wata burauza da aka yi ta musamman don irin wannan aiki, ana biyan lasisinta sau ɗaya a kan kowace na'ura. Katin nairana bai wuce ba a lokacin, sai wani abokina da ke waje ya biya na tura masa. Na sa manhajar ta kebul, sannan na buga layi ɗaya a kwamfuta, wanda ya fara da adb shell dpm set-device-owner, sunan manhajar ya biyo baya. Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauri in na'urorin suna da yawa: tun daga Android 7, in ka taɓa fuskar maraba ta sabuwar na'ura sau 6 a wuri ɗaya, sai ta buɗe kyamara ta nemi lambar QR, ta ɗauko sauran da kanta. Amma wannan tana son intanet mai ƙarfi, ni kuma shida ce kawai a gabana. Ta farko ta ci mini awa biyu, ta biyar minti 15.

Ta shida, ta Alhaji, ita ta zaunar da ni. Akwai zanen kulle a fuskarta da ba a gaya mini ba, ni kuma na ji nauyin in kira mutum a kan ƙaramin abu. Sai na kashe ta, na danne maɓallin wuta da na ƙara, na wanke ta ta can. Kuskuren da nake yi wa yaran shagona faɗa a kai kenan. Tun daga Android 5.1, in aka wanke na'ura ta wannan hanya alhali da asusun Google a kanta, da ta tashi sai ta ce lallai a sa wancan asusun na da, don kada ɓarawo ya mori abin da ya sata. Na kira gidan Alhaji, aka ce ya tafi Umara. Da aka same shi ya ce ai shi bai san wani asusu ba, babban ɗansa ne ya buɗe, yana makaranta a wani gari. Ɗan ya tuna adireshin, ya manta kalmar sirri. Ya canza ta, sannan muka tarar in an canza sai an jira aƙalla kwana guda kafin na'urar ta karɓa. 'Yan sana'armu suna da ɓarauniyar hanya ta tsallake wannan, ban ce ban sani ba, amma kayan jama'a ne, kuma ina son wanda zai gaje ni ya tarar da komai a kan ƙa'ida. Kwana tara tab ɗin tana durowa.

Wannan wahalar ta tuna mini da abin da na kusa mantawa. Maɓallan nan biyu da na danne, kowa ma zai iya dannawa, kuma babu saitin da na kunna da ya isa can, don a lokacin Android ɗin bai ma tashi ba. Tunda kuma yanzu babu asusun kowa a kai, wanda ya wanke ta tsaf za ta fito masa, ya kai kasuwa. Abin da ya rage aikin ƙarfe ne.

Na kai wa mai walda ɗaya daga ciki da zane a takarda. Ya juya ta, ya auna da tef, ya ce in dawo jibi. Akwatin da ya yi, in ka gan shi sai ka ɗauka asusun banki ne: faranti mai kauri gaba da baya, taga daidai fuska, maɓallai duka a rufe, ƙafa mai ramukan noti da za a ɗaure a tebur. Ya rufe har idon kyamara, kuma wannan da gangan ne. Shugaba ya taɓa nuna ta da sandarsa ya ce, "Wannan idon, wa yake kallo?" Na yi masa bayanin cewa a kashe take daga ciki. Ya ce iyayen 'yan mata ba za su ga cikin ba, waje za su gani. Gaskiyarsa.

Muka zura tab, muka ɗaure. Fuskar ta dushe kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Na yi ta neman laifin caja, ashe ɗan idon da ke auna hasken ɗaki yana dab da kyamara, mun rufe su tare, na'urar ta ɗauka dare ya yi. Na kashe hasken da ke daidaita kansa na tsayar da shi wuri ɗaya. Sai kuma shafi ya riƙa buɗewa da ƙyar, alamar Wi-Fi ta sauko zuwa ɗigo ɗaya alhali na'urar Wi-Fi ɗin tana taku biyar daga wurin. Ƙarfe ya sha sigina. Kashegari aka ɗauke wuta tun dare, batir ya ƙare, da wuta ta dawo tab ta ɗauki caji amma ta ƙi tashi, don ba ta kunna kanta sai an danna maɓalli, maɓallin kuwa yana cikin akwatin da aka ɗaure da noti takwas. Na koma wajen mai walda da abin a kafaɗa.

"Maigida, ai kai ka ce kada ko allura ta shiga," in ji shi.

Na ce na ce, na kuma janye. Muka cire farantin baya aka sa katako mai ramuka, da hinji da ɗan kwaɗo, makulli a hannun Malam. Sigina ta dawo, iska ta samu hanya. Na biyun ya fi na farko muni a ido, shi muka yi guda shida.

Akwai wata rana da aka tayar da janareta, tab biyu suka riƙa danna kansu, shafi na tsalle ba wanda ya taɓa. Yara suka ce aljanu. Caja ce mai arha da na cike gurbi da ita. Na sa na asali, aljanun suka tafi.

Yaron nan ya zo ya yi kwana biyu yana fama. Ya ja labule, bai sauko ba. Ya bi ta allon rubutu, saitin ya ƙi buɗewa. Ya shafa gefen akwati yana neman maɓalli. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, wannan karon ka yi." Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata babba ya ji don yaro ya yaba masa. Ina ganin daɗin nan ne ya sa na wuce gona da iri.

A cikin manhajar akwai saitin da ke cewa in an ɗauki wani lokaci ba a taɓa fuskar ba, ta share komai ta koma shafin farko, don wanda zai zauna na gaba ya tarar da ita fes. Na sa daƙiƙa 60. A shago na gwada, ya yi daidai, don ni ba karatu nake yi ba, danne-danne nake. Ranar Asabar ta farko da aka buɗe wa 'yan mata, ina zaune a gefe, wata ɗaliba ta kai tambaya ta talatin da wani abu a lissafi. Ta sunkuya kan takardarta tana aiki da fensir, tana ƙirga wani abu da yatsun hagu a ƙarƙashin hijabi. Ina kallon fuskar tab ɗin lokacin da ta yi fari ta koma "Barka da zuwa". Ta ɗago da amsarta a hannu. Ta dubi fuskar, ta dubi ta kusa da ita, ba ta ce komai ba. Ta sake rubuta sunanta ta fara daga tambaya ta ɗaya. Da abin ya sake faruwa sai ta tattara takardunta.

Malam ne ya tare ta. "'Yata, lafiya?"

"Malam, ina jin ni ce ban iya ba. Ina taɓa wani abu yana gogewa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yarinyar da aka sayi na'urar don ta daina tsoron kwamfuta, ga shi na koya mata cewa hannunta ne ke ɓata abu. Na je na ce mata laifina ne, na nuna mata saitin da idonta, na canza shi a gabanta zuwa minti 10. Malam ya ce ashe shi ya sa wani dattijo da ke zuwa karanta tarihin sarakunan Kano ya daina zuwa: yana bin layi a hankali da yatsa a sama da gilashi ba tare da ya taɓa ba, kafin ya kai ƙarshen sakin layi shafin ya gudu. Garin gyaran gira na kusa tsone ido. A daren na ƙara babban maɓalli kore a kowane shafi, na rubuta "Na gama" a kai, wanda ya tashi ya danna da kansa. Na kuma buɗe abubuwa biyu da na rufe ba dalili: ƙara girman rubutu da yatsa biyu, da madannin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, don wanda ke neman "ƙasa" a kundin ya daina samun "kasa".

Allon rubutun ma ya zo da tasa. Shafin gwajin yana tambayar suna, wasu kuma har lambar waya suke ƙarawa ba a tambaye su ba. Burauza tana share nata, amma allon yana da nasa ƙwaƙwalwar: yana koyon abin da ake yawan rubutawa ya riƙa kawo shi a matsayin shawara. Wani saurayi ya fara rubuta sunansa, sai ga cikakken sunan wata ɗaliba ya fito a saman allon. Allah ya sa Malam ya gaya wa. Na kashe koyon, na share abin da ya riga ya haddace, na kuma cire gurbin suna gaba ɗaya. Yanzu lambar kujera kawai ake sa wa, mai son makinsa ya kwafa a littafinsa.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. Na saita tab ɗin kada su yi barci muddin suna jikin caji, kuma ba a cire su dare da rana. Wata safiya Malam ya kira ni ya ce gilashin ta Alhaji ya ɗago daga gefe. Da na buɗe kwaɗon na tarar batirin ya kumbura kamar fanke. Batirin irin wannan ba ya son zama a cike maƙil cikin zafi, balle wanda ya riga ya tsufa. Na canza shi a ranar, ban bari tsohon ya kwana a ɗakin ba. Sababbin biyar Samsung ne, suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 85, na kunna shi. Na sa su riƙa kashe fuska da kansu bayan an tashi, Malam kuma ya riƙa kashe soket in zai rufe. Na sayi littafi mai bango mai tauri na rubuta komai a ciki, daga taɓa lambar ƙira sau 7 har zuwa inda makullin kwaɗo na biyu yake, na ba sakataren ƙungiya lambar sirri a ambulan.

Saura kwana kaɗan a fara jarrabawa, ɗakin cike, ana bin layi da lambar kujera, sai ga yaron nan a ƙofar shagona.

"Yaya, akwai ta huɗu."

Na rufe shago na bi shi. Bai ko kalli tab ɗin ba. Ya zagaya bayan teburin Malam, ya tsuguna, ya zare filogin na'urar Wi-Fi. Mai danna "na gaba" ya danna, fuska ta yi fari da rubutun Turanci na cewa ba a samu shafi ba, ɗaya bayan ɗaya har shida. Ɗaki ya ɗauki salati.

Na ce wannan ai ba ƙofa ba ce, bai fita ko'ina ba, rushe gidan ya yi. Ya ce ni na ce duk abin da ya raba tab da shafin nan, kuma ga shi ya raba shida a lokaci ɗaya, don haka 3,000 yake bi na. Muka kai ƙara gaban Malam. Malam ya mayar da filogin da kansa, ya jira shafukan suka dawo, ya ba waɗanda gwajinsu ya katse haƙuri, sannan ya yanke cewa in biya 500, yaron kuma ya share ɗakin kwana uku. Na biya. Da yamma na kira kafinta ya zo ya auna na'urar Wi-Fi da soket ɗinta.